Kare ramin tayar akori-kura daga tsatsa

Kare ramin taya daga tsatsa aiki ne na wankewa da kankarewa da kuma rufe ƙarfen da ke kewaye da tayoyin mota da fenti, kwalta, roba, kaki ko mai, domin hana ruwa da iska isa gare shi. Ramin taya shi ne kogon nan da ke jikin mota wanda taya ke juyawa a cikinsa. A motar akori-kura, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, wannan wuri yana cikin sassan da tsatsa ke fara ci, saboda duk abin da taya ta taka, ruwa ne ko taɓo ko tsakuwa, can take watsa shi. A kwarin Kogin Haɗejiya da ke Jihar Jigawa, inda akori-kura ke shiga fadamu domin kwaso shinkafa, alkama, tattasai, kifi da dabbobi, lamarin ya shafi tsawon ran motar da kuɗin da za ta yi in an tashi sayar da ita, har ma da lafiyar mutanen da ke cikinta.

Yadda ramin taya yake

Akori-kura ta bambanta da ƙananan motocin shiga ta fuskar gini. Tana da kwarangwal na ƙarfe mai kauri a ƙasa, wanda makanikai ke kira shasi, a kansa ne ake ɗaure kan motar da kuma bodin kaya, kowanne daban. Ramukan gaba suna haɗe da kan motar, kusa da inji, na baya kuwa suna jikin bodin kaya. Ƙarfen da aka yi ramin da shi falle ne marar kauri, galibi bai wuce milimita 1 ba. A bakin ramin, inda fallen waje ya haɗu da na ciki, akan naɗe gefen ƙarfen ya yi leɓe, sannan a haɗa fallayen biyu da ɗigon walda. Wannan leɓe da tsagar da ke tsakanin fallayen su ne maɓoyar laka.

Ta cikin ramin ko ta kusa da shi ne abubuwa masu muhimmanci suke ratsawa: bututun man birki, wayoyin lantarki, mazaunin shokazoba, maɗaurin sifirin ɗin baya, da kuma wuyan tankin mai a ɗaya daga cikin ramukan baya. Saboda haka tsatsar da ta fara a nan ba ta tsayawa ga ɓata kyan mota.

Yadda tsatsa ke samuwa

Tsatsa tana buƙatar abu uku: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. Idan ruwa ya kwanta a kan tsiraran ƙarfe, wani ɓangare na ƙarfen yakan narke cikin ruwan yana sakin ƙwayoyin lantarki, waɗanda ke bi ta cikin ƙarfen zuwa wani ɓangaren inda oksijin ke karɓarsu. Abin da ke fitowa daga wannan haɗuwa shi ne jan garin nan da aka sani. Wato dai ƙarfen ya zama kamar ɗan ƙaramin batir da ke cin kansa. Duk abin da ya sa ruwa ya fi iya ɗaukar lantarki, kamar gishiri ko kanwa ko takin zamani da ya narke a ciki, yana ƙara wa wannan aiki sauri. Zafi ma yana ƙara masa sauri.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu ko fiye, shi ya sa take ɗaga fenti ya yi ƙuraje, ta kuma buɗa tsagar da ke tsakanin fallaye. Kuma ba ta da tauri, tana shan ruwa ta riƙe shi, don haka ba ta kare ƙarfen da ke ƙarƙashinta kamar yadda farar fatar da ke fitowa a kan alminiyam ke kare shi.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki game da laka. Idan dunƙulen taɓo ya manne a jikin ƙarfe, wurin da ke ƙarƙashinsa ba ya samun iska sosai, gefensa kuwa yana samu. Wannan bambanci ne ke sa ɓangaren da ke rufe ya zama shi ne mai narkewa. Ke nan ƙarfen yana ciwuwa ne daidai inda ido ba ya gani, ga shi kuma lakar tana riƙe danshi na kwanaki bayan sauran jikin motar ya bushe.

Yanayin kwarin Haɗejiya

Kogin Haɗejiya yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, ya ratsa Jihar Jigawa ta wajen Ringim da Auyo da garin Haɗejiya, sannan ya bazu cikin dausayin Haɗejiya da Nguru. Daga nan ruwansa ke haɗuwa da na Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya saurin wucewa. Damina gajeriya ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, kuma ruwa ya fi yawa a Agusta.

Idan aka dubi iska kaɗai, Haɗejiya wuri ne mai sauƙi ga ƙarfe. Babu gishirin teku irin na Legas ko Fatakwal, kuma a lokacin hunturu iska takan bushe ƙwarai, har tsatsa ta kusa tsayawa cak a kan busasshen ƙarfe. Motar da ke yawo a kan kwalta tsakanin Haɗejiya da Kano tana iya shekaru jikinta lafiya lau. Matsalar tana ga motar da ke sauka daga kwalta.

Na farko, ƙasar yankin iri biyu ce, kuma kowacce tana nata ɓarnar. A tudu akwai rairayi, irin jigayin da jihar ta samo sunanta daga gare su. Da rani taya tana watsa wannan rairayi da tsakuwa a cikin ramin kamar ana goga shi da samfefa, sai fentin ya yi ta raguwa har ƙarfe ya bayyana. A fadama kuwa akwai baƙar laka mai danƙo, wadda ke mannewa ta cika leɓen ramin da duk wani lungu. Rani yana tsiraita ƙarfen, damina ta zo ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar laka.

Na biyu, ruwa ba ya ƙarewa da ƙarewar damina. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa yana gudana a kogin har cikin rani, kuma aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke yankin Auyo, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, yana riƙe gonaki da hanyoyin cikinsu a jiƙe a watannin da sauran ƙasa ta bushe. Ciyawar kacalla da ta toshe magudanan kogin tana karkatar da ruwa zuwa gonaki da hanyoyi. A shekarun ambaliya, kamar 2012 da 2020 da 2022, ruwa ya shafe hanyoyi a ƙananan hukumomi irin su Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri, inda motoci suka riƙa ratsa ruwa mai zurfi. Ruwan ambaliya ba ruwa ba ne zalla, yana ɗauke da lallausar laka da ke shiga cikin shasi da tsakanin fallaye ta ƙananan ramuka, ruwan ya tsiyaye, ita ta zauna.

Na uku shi ne irin kayan da ake ɗauka. Takin zamani yana cikin manyan abokan gābar ƙarfe. Yana jawo danshi daga iska, kuma takin NPK yakan ƙunshi gishirin fotash mai sinadarin kuloraid, wanda ɗan uwan gishirin miya ne wajen cin ƙarfe. Buhu ɗaya da ya yage a bayan mota ya isa ya bar gari a kusurwoyin bodi, ruwan sama ya narkar da shi ya gangara ta kan tudun ramin taya zuwa tsagogin da ke ƙasa. Haka fitsari da kashin shanu da awaki da ake kaiwa kasuwa, da ruwan ɗanyen kifi, da buhunan gishiri da kanwa. Shi ya sa a irin waɗannan motoci ramin baya yake ciwuwa ta fuska biyu, laka daga ƙasa, ruwan kaya daga sama.

Kariyar da mota ke fitowa da ita daga masana'anta

Rufe ƙarfe da tutiya tsohuwar dabara ce. Wani Bafaranshe mai suna Stanislas Sorel ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya a shekarar 1837, kuma ita ce dabarar da ake yin kwanon rufi da ita har yau. Amfanin tutiya shi ne tana riga ƙarfe narkewa, ko da an karce ta, wadda ke gefen karcen za ta ci gaba da kare ƙarfen har sai ta ƙare. Masu ƙera motoci sun daɗe ba su rungume ta sosai ba. A shekarun 1960 kamfanin Ford ya fara tsoma gangar jikin mota gaba ɗaya cikin kwatamin fenti mai aiki da lantarki, wanda ke sa fentin ya shiga kowane lungu, aka kuma inganta hanyar a tsakiyar shekarun 1970. Daga shekarun 1980 ne amfani da falle mai rufin tutiya ya yaɗu. Motar zamani takan fito da rufin tutiya, da wannan fentin tsomi, da abin toshe tsagogi, da wani rufi mai kauri na roba a ƙarƙashi, sannan sau da yawa da murfin roba da ake maƙalawa cikin ramin taya.

Wannan tarihi yana da nasaba da motocin da ke aiki a arewacin Najeriya. Akori-kurar Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka harhaɗa a Najeriya, zane ne na zamanin da bai kai ga cikakkiyar wannan kariya ba, kuma waɗanda suka rage a kan hanya sun sha walda sau da yawa. Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, sababbin samfuranta sun fi tsofaffin kariya nesa ba kusa ba. Amma ko sabuwar mota ce, shasinta yawanci baƙin fenti kawai ke kansa, kuma a yawancin akori-kura ramukan baya ba su da murfin roba.

Motocin da aka shigo da su na hannu

Motoci da yawa suna isowa ne bayan sun yi aiki a Turai, Amurka ko Kanada, inda ake watsa gishiri a kan tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Wannan gishiri ne ya haifar da sana'ar shafa wa mota maganin tsatsa a can. Kamfanin Ziebart, wanda Kurt Ziebart ya kafa a birnin Detroit a 1959, yana cikin na farko a sana'ar. Girman matsalar ya fito fili a 2016, lokacin da Toyota ta amince da wani sulhu a Amurka na kimanin dala biliyan 3.4 kan ƙorafin tsatsar shasi a motoci kusan miliyan 1.5 samfurin Tacoma da Tundra da Sequoia.

Motar da ta fito daga irin waɗannan wurare tana iya zuwa da gishiri a cikin tsagoginta, wanda ke kwance har sai danshin damina ya tashe shi. Mai saye yakan duba leɓen ramin da yatsa, ya ƙwanƙwasa shasi da ƙaramar guduma ya saurari ƙarar, sannan ya gwada maganaɗisu a bakin ramin, domin ba ya kama wurin da aka cike da fila mai kauri. Sabon baƙin shafe mai sheƙi a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne, sau da yawa an yi shi ne don a rufe abin da ke ƙasa.

Nau'o'in abin shafawa

Abubuwan da ake rufe ramin taya da su sun kasu gida biyu: masu bushewa su yi tauri, da masu zama da laushi. Kowanne yana da inda ya dace da inda yake cutarwa, kuma yawancin asarar da ake yi tana zuwa ne daga sa ɗaya a gurbin ɗaya.

Fentin shimfiɗa, wanda masu fenti ke kira firaima, shi ne ke taɓa ƙarfen kai tsaye, kuma a kansa komai ya dogara. Jan fentin da masu walda ke shafa wa ƙofofi da tagogi shi ne mafi araha da sauƙin samu, amma ruwa yana ratsa shi a hankali, don haka ba ya isa shi kaɗai a wurin da ke shan laka. Fentin ifoksi, wanda ake haɗa ruwa biyu kafin a shafa, ya fi shi kama ƙarfe da hana ruwa wucewa. Akwai kuma fenti mai ɗauke da garin tutiya, wanda ke aiki irin na rufin kwano, sai dai yana buƙatar ƙarfe tsirara mai tsabta kafin ya yi amfani.

Idan tsatsa ta riga ta kama amma ba ta huda ba, akan yi amfani da ruwan da ke sauya ta. Wasu an yi su da asid ɗin fosforik, wasu da sinadarin tanin, wanda shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Tanin yana haɗuwa da tsatsa ya mai da ita baƙar fata mai ɗan tauri da za a iya yin fenti a kanta. Wannan ruwa yana aiki ne a kan siririyar tsatsa kawai. Ɓawon da ke ɓarewa dole a kankare shi tukuna.

A kan fentin shimfiɗa ne ake sa rufi mai kauri da zai tare dukan tsakuwa. Mafi daɗewa a kasuwa shi ne mai kwalta: yana da araha, yana rage ƙarar tsakuwa, ana iya shafa shi da burushi. Aibinsa shi ne yana laushi a zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi a Haɗejiya kan haura digiri 40, kuma da tsufa yakan bushe ya tsattsage. Da zarar ya tsage, ruwa yana shiga bayansa ya kasa fita, ƙarfe ya yi ta ruɓewa alhali daga waje baƙin rufin yana nan kamar lafiya. Rufi mai roba ya fi shi jure lanƙwasa, wasu nau'o'insa kuma ana iya yin fenti a kansu. Mafi ƙarfi shi ne na foliyuritan, irin wanda ake fesa wa cikin bodin kaya, kamar Raptor da Line-X. Yana jure gogar rairayi fiye da sauran, abin da ya sa ya dace da hanyoyin tudu, amma yana da tsada kuma ba ya yafe ƙazantar ƙarfe: in aka fesa shi a kan tsatsa ko maiƙo, zai ɗago a faifai guda.

Masu laushi su ne kaki da mai. Kakin da ake fesawa cikin kogunan ƙarfe, irin su Waxoyl da Dinitrol da Tectyl, yana shiga da ruwa-ruwa, ya bi tsagogi, sannan ya daskare kaɗan. Akwai kuma waɗanda aka yi da lanolin, wato maiƙon da ake samu daga gashin tumaki, kamar Fluid Film. Waɗannan ba sa tsagewa, suna korar ruwa, kuma ana iya sa su a kan ƙarfen da ya ɗan yi tsatsa ba tare da sun kulle danshi a ciki ba. Amma a fuskar ramin da taya ke watsa wa ruwa da rairayi ba sa daɗewa, sai an riƙa sabuntawa, galibi shekara-shekara. Wurinsu na gaskiya shi ne cikin shasi, bayan leɓen ramin, da tsakanin fallaye, inda burushi ba ya kaiwa.

Ga tsohuwar motar fadama da tsatsa ta riga ta shiga tsagoginta, mai laushi da ake sabuntawa ya fi aminci a kan mai tauri da aka shafa sau ɗaya aka manta. Mai tauri na motar da ƙarfenta ke da lafiya ne, ko wadda aka kankare ta sosai.

Baƙin mai

Dabarar da ta fi yaɗuwa a garejoji ita ce fesa ko shafa baƙin man da aka juye daga inji, wani lokaci a gauraya shi da giris ko man gas. Yana korar ruwa na ɗan lokaci, kuma kusan kyauta ake samunsa. Amma illolinsa suna da yawa. Yana kumbura robobin ƙafar mota da na birki ya lalata su. Yana kama ƙura ya zama wani kauri da ke ɓoye abin da ke faruwa a ƙasa. In ya taɓa faifan birki, birkin ya rage kamawa. Yana ɗauke da ƙazantar ƙonewar inji da ke cutar da fata in ana yawan taɓa shi. Sannan wurin da aka taɓa shafa masa ba ya karɓar fenti sai an sha wahalar wanke shi. A kwarin Haɗejiya akwai ƙarin dalili: motar da aka shafe da shi in ta ratsa ruwa, man yana wankewa ne cikin ruwan da ake kamun kifi, ake ban ruwan shinkafa, ake kuma shayar da dabbobi da shi.

Yadda ake aikin

Ana ɗaga motar a ɗora ta a kan matokara masu ƙarfi a ƙasa mai tauri, ba a kan jak kaɗai ba, sannan a cire tayoyin da murfin roba in akwai. Wanki ne mataki na farko, kuma shi ya fi cin lokaci. Ana bin leɓen ramin da yatsa ko ɗan itace a fitar da busasshiyar laka, a buɗe ƙananan ramukan tsiyayar ruwa da ke ƙasan fallaye da shasi, a yi ta zuba ruwa har sai ya fito fari. Maiƙo kuma a wanke shi da sabulu mai ƙarfi. Bayan haka a bar motar ta bushe sarai, kwana ɗaya ko biyu, domin tsagogi suna riƙe ruwa bayan fili ya bushe.

Sai kankara. Ana cire duk tsohon rufin da ya ɗago, a goge tsatsa da burushin waya ko injin gurza da samfefa har a kai ga ƙarfe mai haske, a kuma ɗan karce lafiyayyen fentin da ke kewaye don sabon ya samu wurin kamawa. Inda tsatsa ta yi ƙananan ramuka da burushi ba ya shiga, nan ake sa ruwan sauya tsatsa. Daga nan a share ƙura da tsumma mai tsabta da tina.

Kafin a fara shafawa ana rufe faifan birki da bututunsa, sandar shokazoba, wayoyi, da bututun hayaƙi da takarda ko leda. Ana shafa fentin shimfiɗa sau biyu, a toshe tsagogin da suka buɗe da abin toshewa na jikin mota, sannan a bi da rufi mai kauri, shi ma siriri-siriri sau biyu ko uku, ana barin kowanne ya sha iska gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Shafi ɗaya mai kauri yakan bushe a sama ya bar ciki ɗanye, daga baya ya tsage. Kaki ne ke zuwa ƙarshe, domin fenti ba ya kama inda kaki ya taɓa. A tabbata ramukan tsiyayar ruwa suna nan a buɗe bayan an gama.

Fentin da ake haɗa ruwa biyu, musamman na foliyuritan, yana fitar da tururi mai illa ga huhu, kuma ƙyallen rufe hanci na yau da kullum ba ya tare shi. Ana yin aikin a wuri mai iska, da abin rufe fuska mai matatar sinadarai, nesa da wuta da masu walda. Akasarin waɗannan kayan fenti ana samunsu ne a manyan kasuwannin Kano, kamar ta Ƙofar Ruwa.

Lokacin da ya dace

A Haɗejiya lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ta bushe kuma zafi bai tsananta ba. Cikas ɗin wannan lokaci shi ne ƙurar hunturu da ke sauka a kan ɗanyen fenti, don haka akan yi aikin a cikin rumfa, a yayyafa ruwa a ƙasa don kwantar da ƙura. Da damina ƙarfe yakan yi raɓa da safe, fentin da aka shafa a kansa kuwa ya kulle danshi ke nan. A tsakiyar bazara kuma, ƙarfen da ya sha rana yana busar da fenti tun kafin ya kwanta. Sabunta kaki ko lanolin ya fi amfani a watan Mayu, gab da faɗuwar ruwa. Abin lura shi ne watannin da suka fi dacewa da babban aikin su ne na kwasar amfanin gona, lokacin da mai mota ba ya son ta kwana uku a gareji, shi ya sa da yawa suke ɗagawa har damina ta riske su.

Kulawa ta yau da kullum

Babu rufin da ke maye gurbin wanki. Motar da ta dawo daga fadama tana buƙatar a wanke cikin ramukan tayarta kafin lakar ta bushe, ba jikinta na waje kaɗai ba, wanda shi masu wankin mota suka fi mayar da hankali a kai. Bayan ɗaukar taki, gishiri, kifi ko dabbobi, ana share bodin a wanke shi a ranar. Shimfiɗa leda ko tamfol kafin a loda taki yana rage ɓarna, amma tabarmar roba ko katakon da aka bari a bodi dindindin suna tara ruwa a ƙarƙashinsu. Murfin roba na cikin rami da ya yage gara a gyara shi da a cire a yar, ko da yake shi ma yana tara laka a bayansa, sai an riƙa kwance shi ana wankewa. Injin wanki mai ƙarfin feshi yana fitar da laka da kyau, sai dai in an matso da bakinsa kusa yana iya ɗaga rufin ko ya tura ruwa cikin robobi.

Idan ƙarfe ya riga ya huje

Fenti ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Inda sukundireba ta shige in an danna, sai dai a yanke wurin har zuwa lafiyayyen ƙarfe a yi waldar sabon falle. Cike rami da fila, ko ɗora faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba tare da an yanke shi ba, yana ɓoye matsalar ne na damina ɗaya ko biyu. Kafin walda ana kankare kwalta da kakin da ke kusa, saboda suna kama wuta, ana kuma kiyaye wuyan tankin mai da bututunsa. Waldar ƙarfe mai rufin tutiya tana fitar da farin hayaƙi da ke sa zazzaɓi da ciwon jiki in an shaƙe shi. Zafin walda yana ƙone fentin da ke bayan fallen, inda ba a gani, kuma daga nan ne sabuwar tsatsa ke farawa in ba a bi bayan facin da fenti ko kaki ba. Idan kuwa cin ya kai ga mazaunin shokazoba, maɗaurin sifirin ko shasi kansa, ana sauke wa motar kaya har sai an gyara, domin waɗannan wurare ne ke ɗauke da nauyin lodi, kuma bututun birkin da ya bi ta wurin ana canza shi ne gaba ɗaya.